Koren Murfi da Waken Ba Modu

Shekaranjiya na ga wasu samari uku a bakin titin Dala, nan Maiduguri, kowanne goye da sabon famfon feshi da wata ƙungiyar agaji ta raba musu, suna ɗaukar juna hoto. Ɗayansu ya hango ni da tsohon famfona, da ƙaramin kofin shayi na gilashi da nake ɗaurewa a igiyarsa, ya ce, "Baba Umara, kai a gonar mutane kake shan shayinka?" Suka bushe da dariya. Na dawo gida na nemi biro. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kowa ya sani, amma abin da zan faɗa ba ya buƙatar digiri. Ku da kuke ganin feshi ba komai ba ne illa zuba ruwa da matsa hannu, ku zauna ku karanta.

Aikin farko da na yi da famfo ba a gona na yi shi ba, a filin ƙwallon wata makaranta ne. Wanda ya koya mini, Mista Ishaya, mutumin ƙasar Biu ne, shi ne wakilin wani babban kamfanin maganin gona na Turawa a nan Borno. Ya cika mini famfo da ruwan rijiya zalla, ya goya mini, ya ce in yi tafiya a busasshiyar ƙasa daga wannan raga zuwa waccan. Da na waiwaya sai ga aikina a rubuce a ƙasa: nan ya jiƙe sharkaf, can ko ɗigo babu. Ya ce, "Umara, ka ga wurin da ka tsaya kana kallon 'yan mata? A nan ka ƙona gonar mutum. Ka ga inda ka yi sauri? A nan tsutsa take yi maka godiya." Kwana bakwai ina fesa wa filin ƙwallo ruwa kafin ya yarda na taɓa kwalbar magani.

A wurinsa na koyi cewa ba a feshi ana fuskantar iska. Ba a feshi rana tsaka. Idan bakin famfo ya toshe ba a busa shi da baki, tsinken ciyawa ake sawa; na san mutum biyu da suka busa, ɗaya har yau leɓensa a karkace yake. Ba a wanke famfo kusa da rijiya. Ba a ba mace kwalbar da ta ƙare ta zuba mai, ko da ta roƙe ka da Allah, fasa ta ake yi a binne. Kuma famfo biyu mai feshi yake riƙewa, ɗaya na maganin ciyawa, ɗaya na maganin ƙwari, ba sa haɗuwa har abada. Ku da aka ba ɗaya, ban san yadda za ku yi ba. Wanda ya ba ku ma bai sani ba.

A ƙofar shagon Alhaji Goni da ke Mafoni muke zama, shi ne dillalin da ke sayar da kayan kamfanin. Mista Ishaya mutum ne mai son labari, in ya samu benci da gyaɗa. Shi ya gaya mana cewa kamfanin nasu ba da maganin gona ya fara ba. Da rini ya fara, can ƙasar Turai, tun zamanin kakanninmu: launin da ake rina tufafi da shi. Daga nan masu bincikensu suka lura wani abin da suke haɗawa yana kashe ƙwari, wani yana kashe ciyawa, sai suka ga ai abincin duniya ya fi tufafin duniya kasuwa. Suka yi ta girma. Su haɗiye ƙaramin kamfani a wannan ƙasa, su sayi masu irin shuka a waccan, har ya zama babu nahiyar da ba su da ofis. Ya ce magani ɗaya sai ya shekara da shekaru a ɗakin gwaji kafin ya fito, kuma da wa'adin mallakarsa ya ƙare sai wasu ƙasashe su kwaikwaya su sayar da araha, shi ya sa kullum suke neman sabo.

Alhaji Goni ya ce, "To su waɗannan mutane, sun san da mu kuwa?"

Mista Ishaya ya yi dariya ya bugi ƙirji. "Ba ga ni ba? Ni ne idonsu a nan."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Kasuwancinsu kuwa tsani ne. Kamfani ba ya sayar wa manomi. Jirgin ruwa ya sauke a Legas, babban dillali ya kwasa zuwa Kano, Alhaji Goni ya aika a ɗoro masa, ni in saya ko manomi ya saya ya kira ni. Duk wanda ke kan tsanin nan ya iya karanta kwalba, ban da mu biyu na ƙasa, mu da muke buɗe ta. Rubutun jikinta ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata, rabi Turanci rabi Faransanci. Saboda haka manomin Borno bai taɓa kiran magani da sunansa ba. Murfi yake kira. Kwalbar maganin ƙwari koren murfi gare ta, ta maganin ciyawa jan murfi. Tsohuwa za ta zo daga ƙauye ta ce, "Alhaji, ba ni mai koren murfi," a ba ta, ta tafi, ba a taɓa samun kuskure ba. Mista Ishaya da kansa haka ya koyar da mu a kowane ƙauye: ja na ƙasa, kore na ganye. Har huluna ya raba masu launin biyu. Shekara goma sha wani abu ina aiki da wannan ƙa'ida, daga Jere har Konduga, ban taɓa ƙona ko ganye ɗaya na wani ba.

Sai yaran daji suka zo da abin da suka zo da shi.

Ba zan ba ku labarin wannan ba, a cikinsa aka haife ku. Abin da ya shafi sana'a zan faɗa. An hana babur, wanda da shi muke zuwa gonaki. An hana wani irin taki saboda ana haɗa bam da shi. An hana shuka duk abin da ya fi mutum tsawo kusa da gari da hanya, dawa da gero da masara, don kada a ɓuya a ciki. Aka haƙa rami aka kewaye gari, noma ya koma iya inda soja ke iya hange. Da safe a buɗe shinge a fita, kafin la'asar kowa ya dawo. Wanda ya makara, shi ya sani. Mista Ishaya kuwa, tun ƙarar bam ta farko da aka ji kusa da masaukinsa kamfani ya kira shi Jos. Ya zo ya yi mana sallama a tsaye, injin mota na aiki. Kaya dai ba su daina zuwa ba. Ku lura da wannan: mutum ya tafi, kaya suna zuwa.

A wannan lokacin na san Ba Modu, wato Baba Modu a bakin Kanuri. Dattijo ne, manomin gaske, wanda a garinsu ta wajen Bama sai an yi kwanaki ana kwasar dawarsa. Ya shigo Maiduguri da ƙafa, shi da matarsa Ya Falmata da jikoki huɗu, babu ko tabarma. Shekararsa ta farko itace yake yi. Kun san me ake nufi da itace a lokacin: ka tsallake rami, ka shiga inda soja ba ya zuwa, ka sara kana waige. Ya ce mini sau biyu yana kwanciya cikin ƙaya yana jin muryoyinsu suna wucewa. A shekara ta biyu wani bawan Allah a Dusuman ya ara wa 'yan gudun hijira fili, aka yanka musu ƙanana-ƙanana. Ba Modu ya samu nasa, bai fi ka tsaya a wannan gefe ka yi magana da na wancan gefe ba tare da ɗaga murya ba. Ya shuka wake, tunda wake ba ya tashi sama.

Ban taɓa ganin wake irin wannan ba. Ya yi yaɗo ya rufe ƙasa ruf, ganye kamar an shafa masa mai. Mutumin da ya saba da gona mai faɗin gari, ya juye duk iyawarsa a kan tafin hannu. Ranar da ya kira ni, waken ya fara fure, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan shuka, ta fara taruwa a ƙarƙashin ganye, kuma lokacin ne tsutsa ke shiga. Ya kama hannuna ya zagaya da ni, ya ce, "Umara, ka ga wannan? In ya kai, na ajiye gatari. Wake mu ci, harawa in sayar wa masu tumaki. Ba ni ba bayan rami kuma."

Ya Falmata tana gefe tana dafa masa shayi a gwangwani. Ta ce, "Kullum haka yake faɗa. Ka fesa masa da kyau dai, ɗana, ko na huta da zaman jiran tsoho."

Ya ce, "Ke da kike so in tafi ki samu saurayi?"

Ta ce, "Wane saurayi zai ɗauki mai jikoki huɗu da gwangwani ɗaya?"

Maƙwabtansa biyar suka ce in haɗa da nasu, tunda na zo.

Washegari da sassafe na biya Mafoni. Alhaji Goni ya buɗe sabon kwali da ya iso daga Kano a cikin ayarin da soja ke rakowa. Kwalbar ta canza. Ta fi tsohuwar kyau, da hoton wani manomi yana dariya a cikin koriyar gona, sunan da ke sama kuma ba wanda na sani ba ne. Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Kamfaninmu ne. Direba ya ce wani ya saye su, ko sun haɗe da wani, oho. Sun canza riga ne kawai. Ba ka ga murfin ba?"

Na ga murfin. Kore shar.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don ba na son wani ya faɗa mini shi. Maganin ƙwarin da na sani, in ka zuba shi a ruwa, ruwan fari yake komawa kamar nono, kuma warinsa sai ya hau maka kai. Da na isa Dusuman na auna wannan na zuba a famfo, ruwan bai yi fari ba. Kumfa ya yi kamar sabulu, wari kuma kusan babu. Na tsaya. Wallahi na tsaya, hannuna a kan murfin famfo. Amma mun ɓata safiya a layin shinge, an sauke mu daga keke mai ƙafa uku an bincike famfon har ciki, rana ta ɗaga, gonaki shida na jirana, kuma kafin la'asar dole in kasance cikin gari. Babu wanda zan tambaya. Na ce a raina, ai sun canza riga, wataƙila sun gyara warin ne. Na ɗaga kwalbar na sake duban murfin. Na goya.

Kuma na yi aiki mai kyau. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Tafiyar filin ƙwallo na yi, ba sauri ba tsayawa, na bi kowane layi, na ɗaga ganye na fesa ƙarƙashi. Da ni ragon mai feshi ne, irinku, da rabin gonar ta tsira.

Irin wannan maganin ciyawa ba ya nuna kansa ran nan. Shiga yake yi ta ganye ya gangara har saiwa, shiru. Kwana uku ba abin da ya faru. Ba Modu har aiko mini da gaisuwa ya yi. A rana ta biyar wani daga cikin maƙwabtan ya zo ƙofar gidana a Dala, ko sallama bai yi ba, ya ce, "Fito ka ga."

Na je na gani. Sababbin ganyen sama sun koma ruwan ɗorawa, furen ya zube, yaɗon ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Gonaki shida, daidai inda ƙafata ta bi. Gonar da ke tsakaninsu, ta wani da ya ce ba shi da halin feshi, tana nan kore, darɓa na cinta hankali kwance. Har ciyawar bakin kunya ta mutu. Da na ga ciyawar nan ne na gane abin da na goyo a bayana.

Mutane suka taru. Wani ya ci kwalata, wani ya ce a kira 'yan sintiri masu gora, wata mata tana ta zagina da Kanuri tana haɗawa da iyayena. Duk na ji, kuma sun yi daidai. Ina nuna musu koren murfin kwalbar sai Ba Modu ya matso. Ya durƙusa ya tuge tushe ɗaya, ya duba saiwar, ya murza ta da yatsa. Ya ɗago ya ce, "In an yi ruwa, zai farfaɗo?"

Na ce, "Ba zai farfaɗo ba, Ba."

"In sake shuka fa?"

"Damina ta wuce rabi. Ba zai kai ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa mai riƙe da kwalata, "Sake shi. Shi ma kore ya gani." Ya kakkaɓe hannunsa ya tafi.

Daga nan Mafoni na nufa da kwalbar. Alhaji Goni ya zazzage sauran kwalayen a tsakar shago. Muka buɗe na maganin ƙwari: koren murfi. Muka buɗe na maganin ciyawa: koren murfi. Na maganin ruɓar ganye ma kore. Duka. Hoton manomin nan mai dariya a jikin kowacce. Alhaji ya zauna a kan buhu yana ta salati, don ya riga ya sayar wa mutanen da bai san inda suke ba. Ya lalubo lambar Mista Ishaya, ya sa wayar a fili muna ji.

Mista Ishaya ya ce, "Alhaji! Kuna lafiya? Ya Maiduguri?"

Alhaji ya ce, "Ishaya, ina jan murfi?"

"Ai an daina shi tun bara. Waɗanda suka saye mu, kore ne launin kamfaninsu, sai suka ce duk kayansu a duniya su zama iri ɗaya. Yanzu layin da ke ƙasan kwalba ake dubawa, da rubutun. Ai an yi taron wayar da kai."

Na karɓe wayar. Na ce, "Oga, Umara ne. A ina aka yi taron?"

Ya ce, "An yi a Kano. An yi a Kaduna, da nan Jos. Har Gombe mun je."

"Borno fa?"

"Umara, ka san halin da ake ciki. Kamfani ya hana ma'aikaci ko ɗaya shiga Borno. A takardarsu an ja wa jihar layi."

Na ce, "An ja mata layi, amma kwalba tana shigowa?"

Ya ce, "Kwalba ai ta dillalin Kano ce da zarar ya saya. Ba ta hannunmu."

Ni duk zatona wani ne ya yi jabu, ko an yi kuskure a wurin cika kwalba. Ashe ba kuskure ba ne. Mutane ne suka zauna a wani ɗaki mai sanyi a wata ƙasa, mutanen da suka fara neman abincinsu da launi, suka ga kore ya fi kyau a ido. Ba mugunta suka yi mana ba. Da mugunta ce ma da na fi ganewa, don mai mugunta ya san kana nan. Na ce, "Oga, kai ka koya mana ja na ƙasa, kore na ganye. Kai ka ce kai ne idonsu." Ya ce zai rubuta rahoto. Ban sani ba ko ya rubuta. Ba na zaginsa, yana da 'ya'ya shi ma.

Ni da Alhaji muka kwana biyu muna ɗaura jan ƙyalle a wuyan kowace kwalbar maganin ciyawa da ta rage, muka aika saƙo duk sansanin 'yan gudun hijira da muka sani. Wasu mun riske su. Wasu ba mu riske su ba.

Bayan sati biyu na haɗu da Ba Modu a layin shinge da safe. Ni da famfo, shi da gatari a kafaɗa da igiya a ɗamara. Na ce, "Ba, da ka bari an kwana biyu." Ya ce, "Jikokin ba su iya bari ba." Aka buɗe, ya bi ayarin masu itace, na ga bayansa har suka tsallake rami. Ya yi ta zuwa yana dawowa har kaka ta wuce. Wata rana ayarin suka dawo a guje, ba itace, ba takalma, kuma ba su cika ba. Ba Modu na cikin waɗanda ba su dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba, har yau da nake rubutun nan.

Na ajiye famfo. Na yi dako a kasuwa, na yi gadi. Babu ma wanda zai kira ni. Sunana a Dusuman ya koma Mai Ƙona Wake.

Da damina ta zagayo, ina zaune a ƙofar gida sai ga Ya Falmata. Ta rame, amma muryar tana nan. Ta ce ta sake shuka filin, ita da jikokin, waken ya fara fure, in zo in fesa. Na ce, "Ya Falmata, duk masu feshin garin nan ba ki ga kowa ba sai ni?"

Ta ce, "Sauran ba su ƙona gonar kowa ba tukuna. Kai ka riga ka ƙona. Tashi mu je."

Na bi ta. Da muka isa na fito da kwalba zan auna, sai ta ce in dakata. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙaramin kofin gilashi, wanda Ba Modu ke shan shayi da shi, ta cika shi da ruwa ta ajiye a kan kunya. Ta ce, "An ce na ƙwari fari yake yi kamar nono. Ɗiga a nan tukuna, in gani da idona."

Na ɗiga. Muka sunkuya mu biyu muna kallo. Ruwan ya juya ya yi fari.

Ta ce, "To, fesa." Da na gama na wanke kofin zan miƙa mata, ta ce, "Wa zai sha shayi a ciki kuma? Riƙe."

Shi ne kofin da kuka gani a igiyar famfona. Tun daga ranar ban taɓa fesa gonar mutum ba sai na ɗiga a cikinsa, mai gonar na tsaye yana kallo, ko da kwalbar na saya da hannuna, ko da shinge zai rufe a kaina. In ruwan bai yi yadda na sani ba, ba na goyawa sai na sami mai karatu ya karanta mini kwalbar tun daga sama har ƙasa. Kamfanin kuwa na ji an sake sayensa, ya sake suna. Ban san wane launi ne ya burge sababbin masu shi ba, ku ma ba ku sani ba, kuma ba wanda zai zo ya gaya muku.

Ku ci gaba da ɗaukar hoto. Amma kafin ku shiga gonar wani, ku je gida ku nemi kofi.